Kalmar da Ta Kusa Hana Ni Aure

Shekarun baya, ina sabon malamin Turanci a wata sakandare a Bodinga, wata kalma guda ta kusa sa in rasa matar da nake tare da ita yau. Ba zagi ba ce, kuma ba daga bakina ta fito ba. Tsohuwar kalmar Turanci ce wadda su kansu masu harshen sun daɗe da jingine ta. Yanzu ina iya ba da labarin da dariya, amma har gobe idan na tuna sai na ji raina ya ɗan sosu.

Kalmar ita ce forsooth. Mai ita kuwa baffana ne, ƙanin mahaifina, tsohon hedimastan firamare da ya ajiye aiki tun ina ƙarami. A wurin wani malaminsa ya same ta zamanin yana kwalejin horon malamai, ya riƙe ta kamar gonar gado. A bakinsa ba ta fita yadda take a rubuce, sai dai "hosus". In miya ta yi daɗi, hosus. In an sayar masa da ruɓaɓɓiyar albasa, hosus. Ko liman ne ya ja doguwar sura, a hanyar gida za ka ji shi yana cewa, "Hosus, yau liman ya ja ta." Idan ka tambaye shi ma'anarta sai ya ce "haƙiƙa" ke nan, amma irin ta manyan mutane. Yaran unguwa sun daɗe da laƙaba masa Malam Hosus. Ya sani sarai, kuma ina kyautata zaton daɗi yake ji.

To, a shekarar nan na ga yarinya a Shagari, muka daidaita. Ta samu gurbin karatun aikin jinya a wani gari mai nisa, za ta tafi bayan ƙaramar salla. Iyayenta suka yi magana ɗaya: in an ɗaura aure kafin azumi, ta tafi karatu a matsayin matata. In ba a ɗaura ba, a ajiye zancen har sai ta gama. Karatun nan shekaru ne. Ni kuma na san kaina, na san kuma yarinya irinta ba za ta zauna shekaru a garin mutane babu wanda ya ce yana so ba. Abin da ya rage kawai shi ne manya su zauna su sa rana, kuma lokacin akwai sauran kwanaki masu yawa kafin a ga wata.

Wanda bai san tsarinmu ba zai ce me ya hana mahaifina ya je ya gama magana. Ni ne ɗan fari. Mahaifina ko sunana ba ya kira, balle ya tako ƙafa zuwa neman aurena. Ƙaninsa ne wakili, haka aka saba. Can Shagari ma ba mahaifin yarinyar ke magana ba, yayansa ne waliyyi, wani dattijo da ya ƙare aikinsa yana tafinta da akawu a kotu. Ni ango ba ni da wurin zama a wannan taro. Nawa shi ne in sayi goro da alewa, in zauna gida in jira.

Abokina, wanda muka tashi tare, ɗan kasuwar albasa ne, yana da tsohuwar a-kori-kura. Shi ya ɗauki Baffa da wasu dattawa biyu ya kai su. Na yi zaton kafin azahar sun dawo. Sai bayan la'asar na hango motar tana tafe. Abokina ya sauke dattawan, ya zo ya same ni gindin dogon yaro a ƙofar gida, yana ƙunshe dariya.

Na ce, "An sa?"

Ya ce, "Ango, sai haƙuri. Ba a ko taɓo zancen rana ba."

Ga yadda aka yi. An gaisa, an yi addu'a, an ajiye goro. Baffa ya gyara zama ya fara yabona, kamar yadda wakili ke yi. A tsakiyar yabon ya ce, "Yaron ga namu, hosus, ba a taɓa kawo muna ƙaratai ba." Sai tsohon akawun ya ɗaga kai.

"Hedimasta, mi kac ce?"

"Cewa niy yi hosus."

"Kalmag ga ai ta mutu tun kahin Bature shi taka ƙasag ga. Na tsuhwa gaban alƙali, lauyoyi sun zo sun tahi, ban taɓa jin wani ya hwaɗe ta ba sai in shina son shi yi ma abokin shari'atai ba'a."

Abokina ya ce Baffa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, alamar zama ya fara ke nan. Ya ce, "Akawu, wa yay yi mata salla? Ina anka bizne ta? Kalmad da nika hwaɗi kullum, ƙaƙa za ta mutu ban ji ba?"

Daga nan ba su sake waiwayar kowa ba. Baffa ya kafe kan cewa kalmar gaskiya ce da girmamawa, mutanen kirki ke faɗinta. Akawu ya kafe kan cewa ta shaƙiyanci ce, kuma ko a shaƙiyancin ma an daina. Aka kawo fura suka sha suna yi. Aka yi azahar suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. Sauran dattawan suka gyangyaɗa har suka gaji. Da la'asar ta yi, Akawu ya ce a dawo wani mako, kowa ya zo da hujjarsa, sannan a yi maganar yara.

A yi maganar yara. Wato ni da aurena mun koma abin da za a taɓa in lokaci ya ragu.

Washegari na je gaida Baffa. Ba a yi wa baffa faɗa, wannan kowa ya sani. Sai na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar gajiya, ina tambayar hanya, har na samu na ce azumi fa yana matsowa. Ko kallona bai yi ba. Yana durƙushe gaban wata tsohuwar adaka yana fito da littattafai, ƙura tana tashi. Ya ce, "Kwantad da hankalinka, ɗana. Mako mai zuwa za ni gama da shi." Na yi farin ciki, na zaci zancen rana yake nufi. Ashe Akawu yake nufi.

Zuwa na biyu, Baffa ya tafi da wani ƙamus wanda bangonsa ya daɗe da rabuwa da shi, an ɗaure shi da igiyar rama. Na sake sayen goro, don ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana. Suka tarar Akawu ya shimfiɗa tabarma ya ajiye nasa ƙamusun, ya fi na Baffa kauri. Na Baffa ya ce ma'anar kalmar "a gaskiya". Na Akawu ya ce haka ne, amma tsohuwa ce, kuma galibi da gatse ake faɗinta. Kowa ya ce nasa ne ƙamus, na ɗan'uwansa na 'yan koyo ne. Aka cinye goron, aka sake ɗaga zama. Dattawa biyun nan da ke raka Baffa suka ce su kam sun yafe, suna da shuka albasa a fadama.

Zuwa na uku ma haka. Abokina ya fara kirana angon ƙamus. In ya gan ni a kasuwa sai ya ɗaga murya ya ce, "Hosus, ango ya rame." Mutane su yi dariya, ni ma in yi yaƙe, amma a cikina kamar in kama shi da duka. Kuma gaskiya ya faɗa, na rame. Ina shiga aji in koyar da Turanci, ina jin haushin harshen gaba ɗaya.

Ita ma yarinyar haƙurinta ya fara ƙarewa. Ta kira ni a waya wata ranar da yamma, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Malam, wai ba kai ka koyad da Turancin ga ba? Tsohwahhi biyu sun zauna bisa kalma guda, kai kana kallo. Ƙawayena sun hwara tambayata ko an hwasa."

Na ce ta san ba ni da baki a zauren nan.

Ta ce, "To ka samo bakin. Ni dai in anka ga wata, na gama magana."

Maganar nan ta shige ni. Na ce to, tunda ilimi ne ya jawo rigimar, bari in kashe ta da ilimi. Na hau mota na je birni, na shiga ɗakin karatu, na bi kalmar nan tun daga tushenta. Abin da na samu ya ƙara mini takaici, domin duka su biyun suna da gaskiya. Asalinta kalmomi biyu ne na tsohon Turanci da aka haɗe, ta biyun tana nufin gaskiya. A zamanin farko da zuciya ɗaya ake faɗinta, kamar yadda za ka ce "haƙiƙa". An yi wani lokaci da ta zama kalmar ladabi, ƙarami ya faɗa wa babba, ko a faɗa wa mace mai daraja. Da aka yi ta yawan faɗinta don neman a ce mutum ya waye, sai ta koma abin kwaikwayo, ana faɗinta don a nuna ba a yarda da magana ba. Daga baya ta fice daga bakin mutane, ta rage a tsofaffin littattafai da wurin raha. Wato Baffa yana riƙe da ƙuruciyarta, Akawu yana riƙe da tsufanta. Na dawo Bodinga ina jin kaina, na ce yau an gama.

Na zauna na yi wa Baffa bayani dalla-dalla, cikin ladabi, tun daga farko har ƙarshe. Yana ta gyaɗa kai. Da na zo wurin da kalmar ta koma gatse, sai ya tashi ya ce zai duba akuyarsa. Da ya dawo ya ce, "Madalla. Wato dai asalinta gaskiya ta."

Na ce, "Haka ne Baffa, amma daga baya..."

Ya ce, "Asali shi a magana."

Rabin da ya yi masa daɗi ya ɗauka, ya bar mini sauran. Ya kai shi Shagari ya ajiye gaban Akawu, ya ce ga abin da ɗansa malamin sakandare ya binciko a birni, kuma ya tabbatar Hedimasta ke da gaskiya. Abokina ya dawo ranar babu dariya a fuskarsa. Ya ce Akawu cewa ya yi, "Au, yaron da ka neman ɗiyarmu har ya yanke mani hukunci ban nan? To shi zo da kainai in ji daga bakinai."

Ranar na rasa wanda zan ji wa haushi, Baffa, ko Akawu, ko Baturen da ya fara ƙirƙiro kalmar, ko ni da na tsoma baki. Sha'aban ya riga ya raba tsakiya. Idan na je na ce Baffa ke da gaskiya, na kunyata waliyyin matata a zaurensa. Idan na ce Akawu ne, na tozarta wakilina a gaban baƙi, kuma har abada ba zan iya haɗa ido da mahaifina ba. Idan na ce duka suna da gaskiya, na riga na ga abin da Baffa ke yi da rabin gaskiya, kuma ba ni da dalilin zaton Akawu ya fi shi.

Da safen ranar da za mu tafi na shiga gaida mahaifiyata. Ita ma ba ta kiran sunana, kuma ba ta taɓa yi mini zancen auren nan kai tsaye ba. Tana tankaɗen gari, ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba. Har na miƙe sai na ji ta fara magana, wai da rariyar hannunta take yi.

Ta ce, "Wasu dai in anka tambaye su abu, sai su zaci amsa aka so. Mutum tun da matatai tar rasu bai sake kai riga wurin guga ba, sai watan ga. Kullum shina zaune ƙohwar gida, ba mai ce mai ci kanka. To in anka sa rana, mi za shi kai shi Shagari kuma?"

Na tsaya ina jiran ƙari. Ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ta ce komai ba. Na fita ina gunaguni a zuci, wai ni ana zancen aurena ita tana zancen guga.

Muka kama hanya, Baffa a gaba cikin babbar riga mai ƙamshin sitati, ƙamus a cinya, ni a bayan a-kori-kura tare da buhunan albasa. Da muka isa na cire takalmi tun daga nesa, na shiga zauren na durƙusa kusa da ƙofa, kaina a ƙasa. Na gaida Akawu, ya amsa a daƙile. Na zaci nan take za a fara shari'ata. Ina, sun manta da ni. Akawu ya jawo wata matashiya ya tura wa Baffa, da gani tasa ce ta kullum. Ya zuba masa shayi bai tambaye shi sukari nawa ba. Ya ce, "Ƙahwar ta yi sauƙi?" Baffa ya ce da sauƙi, man da ya ba shi ya yi aiki. Sannan suka buɗe ƙamusoshi.

Ta ƙasan ido nake kallonsu. Sai na lura tabarau ɗaya ne tsakaninsu. Na Akawu ya karye, ashe tun zuwa na biyu da na Baffa suke karatu. Wannan ya saka ya karanta layinsa ya ce "ka ji ko", ya cire ya miƙa wa wancan, shi ma ya saka ya karanta nasa ya ce "to kai kuma ji nan". Ana musu ana miƙa tabarau, har da "riƙe da kyau kar shi hwaɗi". Akawu ya yi wa Baffa wata baƙar magana, Baffa ya yi dariya har da tari. Ni tun rasuwar matarsa ban ji wannan dariyar ba.

A nan maganar mahaifiyata ta faɗo mini. Waɗannan mutane ba so suke a raba gardamar ba. Kowannensu ya shekara da shekaru yana yawo da Turancinsa a garin da babu mai tanka masa, sai yara masu laƙabi. Yanzu ya samu wanda zai ce masa ƙarya ne. Kuma a al'ada, wakili da waliyyi in sun sa rana an ɗaura, aikinsu ya ƙare, sai dai a haɗu wurin suna ko ta'aziyya. Aurena ne kaɗai dalilin da ke kawo Baffa zauren nan, shi ya sa babu mai gaggawar gama shi. Ban ji tausayi ba a lokacin, kada in yi ƙarya. Haushi na ji ya ninku, domin na gane wata guda ke nan ana shan shayi a kaina.

Can Akawu ya tuna da ni. Ya sauke tabarau kan hanci ya ce, "Kai yaro, an ce kai ka koyad da Turanci. An ce ka tahi birni ka yi bincike. To hwaɗa muna, tsakanina da Hedimasta wa ad da gaskiya?"

Abokina yana bakin ƙofa, na ji ya daina tauna goro. Duk bayanin da na haddace yana bakina, tun daga tushe har zuwa tsofaffin littattafai, kuma Allah ya sani ina son in zazzage shi. Na haɗiye.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ɗa na. Ɗa bai raba gardamar uwayenai. Abin da nig gani birni shi na, maganag ga tana da zurhi, ba ta ƙarewa zama ɗaya ko goma. Kuma akwai irinta da yawa da ba a ko taɓa ba."

Na ga Baffa ya ɗan ɗago. Na ci gaba.

"Yanzu Baffa baƙo na gidan ga, sai da dalili shika zuwa. In anka zama gida ɗaya, ba ya buƙatar dalili. Ina da mashin. Duk Asabar ba ni da makaranta. Ni ka kawo shi, in maishe shi, har ran da kunka gama."

Ban ɗaga kai ba. Akawu ya cire tabarau ya miƙa wa Baffa. Ya ce, "Hedimasta, yaron ga ya hi ka wayo."

Baffa ya ce, "Hosus, ni nir rene shi."

Akawu ya ce, "Ka ga, yanzu ma da gatse kah hwaɗe ta."

"Da gaskiya nih hwaɗe ta."

Na ce a raina shi ke nan an koma. Sai Akawu ya ɗaga hannu ya ce a bar wannan sai Asabar. Ya aika a kira mahaifin yarinyar da maƙwabta biyu. Ya ce Juma'ar ƙarshe kafin azumi ta yi? Baffa ya ce ta yi. Aka shafa fatiha. Wallahi ko shayin da ke gabansu bai huce ba aka gama. Abin da na yi wata guda ina rama a kansa, abin da na sayi goro har mai goro ya fara tambayata ko mata nawa zan aura, bai ɗauki tsawon ɗaura alwala ba. A hanyar dawowa abokina yana ta yi mini barka, ni kuwa takaici ya ishe ni.

An ɗaura aure, ta tafi karatunta, ta gama ta dawo. Ni kuwa alkawari ya hau kaina. Na zaci wata biyu ko uku za su gaji. Shekaru aka yi. Duk Asabar da safe Baffa yana ƙofar gidana da ƙamus a cikin leda, kafin in gama karyawa. Da damina mu sha ruwa a hanya, da bazara mu sha rana. In na ce yau mashin ba lafiya, sai ya ce ba komai, zai jira in gyara. Abokaina suna wurin ɗaurin aure ko kallon ƙwallo, ni ina bakin zauren surukai ina sauraron tsofaffi biyu suna musu a kan maganar Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakanninmu. Sun taɓa wasu kalmomin, amma duk inda suka zaga sai sun dawo kan hosus. Sau da yawa na yi niyyar in tashi in faɗa musu duka labarin kalmar a huta. Matata ce ke cewa in na kuskura, in nemi inda zan ci tuwo.

Baffa ya rasu da wata damina, bayan gajeriyar jinya. Akawu ya zo ta'aziyya Bodinga, an riƙo shi, don lokacin ƙafa ta fara gagararsa. Ya yi addu'a tare da jama'a, sannan ya sa aka kira ni gefe. Ya laluba aljihu ya fito da tabarau ɗin nan, ashe a wurinsa Baffa ya bar shi zuwan ƙarshe. Ya miƙo mini. Na ce ya riƙe, ai shi ke amfani da shi. Ya mayar aljihu bai yi musu ba, abin da ban taɓa gani ba.

Sannan ya ce, "Ɗana, shekarun ga duka ina ce mai kalmag ga ta mutu. Ba ta mutu ba, tunda shina hwaɗinta. Yau ta tam mutu."

Ni da na yi shekaru ina addu'ar a daina faɗin kalmar nan, sai ga ni ina share ido da hannun riga a gaban surukina.

Asabar ta zagayo, na tashi da safe babu kowa a ƙofar gida. Na zauna na sha kunu a natse, abin da na daɗe ina buri. Bai yi mini daɗi ba. Matata ta dube ni ta ce, "Baba fa shina can zaune shi kaɗai." Na ce to ni me zan je in yi. Sai ta ɗauko ƙamusun Baffa mai igiyar rama ta ajiye kan mashin.

Na sami Akawu a zaure, matashiyar nan tana inda take. Na durƙusa bakin ƙofa kamar kullum, ya ce in matso. Muka gaisa. Ya zuba mini shayi. Na kurɓa, ban san lokacin da na ce, "Hosus, shayin ga ya yi daɗi" ba.

Ya ɗago a hankali. Ya laluba aljihu ya saka tabarau. Ya ce, "Kai ma? Da iliminka? Kalmag ga ai ta ba'a ta."

Na ce, "Ranka shi daɗe, asalinta gaskiya ta."

Ya ce, "Buɗe muna mu gani."

Idan ɗalibaina suka tambaye ni yau ko ana amfani da irin waɗannan kalmomi, ina gaya musu gaskiya, kada su kuskura su saka su a jarrabawa. Abin da ba na gaya musu shi ne na daina saurin ba da amsa don kawai na san ta, musamman in tsoho ne ya yi tambayar. Haushin watan nan kuwa bai gama fita ba, kuma duk wanda ya ce mini zai tura baffansa neman aure, ina ba shi shawara ya fara bincika ko waliyyin yarinyar ya taɓa aiki a kotu.

Ni ne dai na gaji gardamar, kuma ɓangaren Baffa nake karewa, alhali na san rabin gaskiya ce. Surukina ya tsufa ƙwarai, ba ya ji sosai, sai na ɗaga murya, amma bai sassauta ko kaɗan ba. Jiya ya aiko a gaya mini wai ya samo sabuwar hujja, kada in makara. Gobe Asabar, ga tayar mashin ɗina ta baya tana sacewa, dole in nemi mai faci tun yau.